Saƙar Gizo a Gidan Ƙaltume

A unguwar Ƙuba ta Madina, can inda sababbin benaye ke ƙarewa tsofaffin lambunan dabino su karɓa, akwai wani ƙaramin gida mai buɗaɗɗiyar tsakar gida da aka jingina da katangar lambu. Nan Hajiya Ƙaltume take zaune, kuma duk Bahaushiyar da ta yi zaman unguwar a waɗancan shekaru ta san ta, in ba don ƙauna ba to don tsoro. Ba mafaɗaciya ba ce. Idonta ne abin gudu. In ta shiga gidan mace gaisuwa, bakinta na tambayar lafiyar yara, idon kuwa yana bin kusurwoyin rufi ɗaya bayan ɗaya, har matar gidan ta tuna da sharar da ta tura ƙarƙashin gado tun watan jiya. Ba za ta ce komai ba. Za ta sha shayinta, ta yi addu'a, ta tafi, ta bar matar gida da neman tsintsiya.

Tana yarinya ta zo ƙasar, a bayan iyayenta. Daga wajen Haɗeja suka taso da ƙafa, suka yi shekaru a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya a Sudan su tsinci auduga a gonakin mutane, in ya samu su ƙara gaba. Yawancin tafiyar ta ɓace wa Ƙaltume, amma ba ta manta halin mahaifiyarta ba: duk inda suka yada zango, ko gindin itace ne, sai ta share wurin tas kafin a shimfiɗa tabarma. Ita ce ta koya mata cewa saƙar gizo a ɗaki tsiya take jawowa, kuma macen da ta bari ta kwana a rufinta ta gama aiki. Yarinya ta haddace wannan tun kafin ta iya ɗaura zane.

A Madina ta girma, ta zama 'yar ƙasa tare da iyayenta, ta auri Ja'afaru, wanda ke ban-ruwa a lambun da ke bayan katangar nan. Da makarantun 'yan mata suka yawaita sai ta samu aikin farrasha, wato mai shara da goge-goge, ta yi ta yi har furfura ta rufe mata kai. An ce malamai kan cire takalmi in za su bi barandar da ta goge, ba don wata doka ta ce ba. Ja'afaru ya rasu jim kaɗan bayan yaƙin Kuwait, ba da daɗewa ba ita ma aka sallame ta daga aiki saboda shekaru. Ta dawo gida da tsintsiyarta, ba miji ba makaranta, sai ɗaki biyu da tsakar gida da bishiyar lalle guda a bakin madafa. Wannan ɗan wuri ya ga ta kansa da shara.

Ɗa ɗaya gare ta, Yahya, direban bas mai jigilar mutane tsakanin Makka da Madina. Da yake ɗan fari ne ba ta taɓa kiran sunansa ba; Allah ya taimake ta Larabawa na kiran mutum da sunan ɗansa, sai ta koma ce masa Abu Saif, kowa ya huta. Yahya na zaune da matarsa Khalida a hawa na uku na wani sabon bene, ba nisa da uwar. Tun da ta fita takaba yake roƙonta ta dawo wurinsu. Ba ƙeta ba ce. Kunya yake ji a ce yana raye mahaifiyarsa na kwana ita kaɗai, mutane kuma ba su fasa yi masa tuni ba. Ita kuwa ta je ta ga gidan: tagogi a rufe, na'urar sanyi na gurnani dare da rana, mutum ba ya taka ƙasa ba ya ganin sama. Ta ce ita ba tukunyar biki ba ce da za a ɗora a saman kabad.

Da ya matsa mata wata Juma'a, a gaban Khalida da wata maƙwabciya mai suna Asama'u, sai ta yanke magana.

"Abu Saif, ka daina wahalar da bakinka. Ranar da ka shigo gidan nan ka ga saƙar gizo da idonka, ka kawo mota ka ɗauke ni, ba zan ce uffan ba. Kafin nan ka ƙyale ni."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, don a ganinta ta sa sharaɗin da ba zai taɓa cika ba. Yahya ya ce to. Shi kansa bai zaci zai ga ranar ba.

Daga gwiwa abin ya faro. Wata shekara ciwo ya kama mata gwiwar dama, likita ya ce ta zauna, ita da ba ta san zama ba. Ta fito da kujerar roba tsakar gida ta yi watanni tana hararar duniya. A lokacin ne wata tumfafiya ta ɓullo a gindin katanga daga saiwar wata da ke cikin lambu, daidai inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Da a ce Ƙaltume na kan ƙafarta, ko ganye biyu ba za ta yi ba. Amma tumfafiya ta samu sarari ta miƙe, kafin gwiwa ta saki har ta kai ƙirjin mutum ta yi fure.

Ranar da Ƙaltume ta ɗauko fartanya za ta yi maganinta, sai wani abu ya faɗo kan furen kamar an jeho shi. Tsuntsu ne, jikinsa bai fi tsawon yatsa ba. Kai da baya da maƙogwaro kore ne mai walƙiya, in ya juya ya koma baƙi, in ya sake juyowa koren ya dawo. Cikinsa rawaya kamar gwaiduwa, ga wasu siraran gashin jela biyu na binsa a baya. Ya maƙale a reshe kai ƙasa, ya zura ɗan lanƙwasasshen bakinsa cikin fure, ya zare, ya koma na gaba. Sunan ya faɗo mata daga inda ba ta zata ba, da muryar mahaifiyarta a wata gonar Sudan: sha-kauci. Shekara da shekaru tana kwana a jikin lambun nan tana jin wannan siririn kuka ta bayan katanga, ba ta taɓa ɗaga kai ba, don ita ƙasa take kallo da kusurwa. Ta mayar da fartanya inda ta ɗauko, ta ce sai gobe.

Goben ba ta zo ba. Idon da ya yi shekaru yana farautar ƙura ya samu sabon aiki, kuma ba ya yin abu rabi-da-rabi. Ta gane su biyu ne, akwai wata mai launin ƙasa-ƙasa, cikinta rawaya mai haske, ba jela ba walƙiya, wadda ta fi shi aiki nesa ba kusa ba. Ta gane da hantsi suke zuwa, su ɓace in rana ta take, su dawo da la'asar. Ta gane ba zaƙin fure kaɗai suke sha ba, suna bin ƙarƙashin ganye suna tsintar ƙananan ƙwari, wani lokaci su cafke ƙuda a iska. Ta gane namijin mai rowa ne: in wani ɗan uwansa ya tsallako katanga ya taɓa tumfafiyar, sai ya bi shi da masifa har cikin dabino, ya dawo ya hau reshen lalle mafi tsawo yana karkaɗa fikafikai yana ba duniya labari. Wata rana a gidan Yahya ta ga an nuno wani ɗan tsuntsun Amurka a talabijin, yana tsaye cik a iska yana shan fure, jikoki na ta mamaki. Ƙaltume ta taɓe baki. Nata ma yakan tsaya a iska na ɗan lokaci in furen ya yi masa nisa, amma ya fi son ya zauna ya ci abincinsa kamar mai tarbiyya. Ba ta faɗa wa kowa tana da nata ba.

Me za ta ce? Mace mai jikoki, wadda ya kamata a same ta da carbi a hannu, a ji ta wuni tana kallon tsuntsu kamar yaro mai danƙo. Sau ɗaya ta gwada. Asama'u, mutuniyar Maraɗi ce da mijinta ke gadi a wani ginin kusa, mace mai kirki da sakin baki, ta shigo aron turmi, Ƙaltume ta ce mata akwai wani tsuntsu da ke zuwa nan.

"Na ci ne, Hajiya?" in ji Asama'u.

Ƙaltume ta miƙa mata turmi, ba ta sake tayar da maganar ba.

Da aka gama yankan dabino zafi ya fara sauka, sai namijin ya ɓace. Ta duba, ta jira, babu kore babu jela. Sai masu launin ƙasa guda biyu da ke zuwa tumfafiya, ta ɗauka uwa ce da 'yarta. Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda za ta yarda. A garin da ta girma kowa zuwa yake ya tafi, maniyyata su cika titi su watse, 'yan aiki su zo da takarda su koma in ta ƙare, don haka ba ta sha wahalar fassara ba: ɗan ci-rani ne, ya ci ya ƙoshi ya bar mata iyali. Ta riƙa zama tana taya su jaje da babbar murya, tana zaginsa a gabansu, tana cewa ai dama mai irin wannan ado ba ya zama.

Sai da sanyi ya fara ja baya, ma'aikatan lambu suka fara hawa dabino suna saka masa furen namiji, sannan ta lura da wani abu. Ɗaya daga cikin masu launin ƙasar nan ta fara ɗigo-ɗigon kore a maƙogwaro, kamar an fantsama mata rini. Bayan kwanaki koren ya bazu zuwa kai. Sai ga wasu gashi biyu na leƙowa daga jela. Wata safiya tsuntsun ya tashi ya hau reshen lalle mafi tsawo, ya karkaɗa fikafikai, ya buɗe baki. Ƙaltume ta riƙe haɓa. Ashe bai je ko'ina ba. Gashin ado ya zubar ya sa na zaman gida, kuma duk watannin nan a gabansa take zaginsa, yana shan furensa yana ji. Ta yi dariya har da hawaye.

"To ina ka shiga duk wannan lokaci?" ta ce masa. "Kana nan kana kallona ina ta baƙin ciki, ba za ka ce ga ni ba?"

Katangar da ke tsakaninta da Asama'u ba ta da kauri. Asama'u ta ji, ta kasa kunne, ba ta ji muryar kowa ta amsa ba. Ta ce a ranta, Allah sarki, Hajiya ta fara hira da marigayi.

Ba a daɗe ba tsuntsuwar ta canza hali. Ta rage zuwa fure, ta koma bin lungu-lungu, ƙarƙashin tankin ruwa, bayan bututu, saman ƙofa, tana leƙawa tana fita ba komai a baki. A gidan Ƙaltume me za ta samu? Wata safiya gizo-gizo ya yi kuskuren kwana ya yi saƙa a kusurwar rumfar madafa. Ƙaltume ta hango, ta ɗauko doguwar tsintsiya, ta ɗaga. Kafin ta kai, tsuntsuwar ta wuce ta gefen kunnenta, ta tsaya a iska, ta kama zare ɗaya da baki ta ja, ta tafi da shi cikin lalle ta naɗe a wani siririn reshe. Ta dawo ta ɗauki wani. Ƙaltume na tsaye da tsintsiya a sama har hannunta ya yi tsami. Ta san abin da ta faɗa a gaban shaidu, ta san abin da mahaifiyarta za ta ce. Ta sauke tsintsiyar, ta jingine ta, tana waige-waige kamar ta yi sata.

Daga ranar ta bar wa gizo-gizo rumfa da bayan tanki da saman ƙofar gida. Ƙasa kam tana sharewa kamar kullum, amma sama ta zama ta masu saƙa, su kuwa da suka ji an yi afuwa suka kira danginsu. Ta zauna ta ga yadda ake gini. Da zaren gizo ake ɗaure komai: busasshiyar ciyawa, zaren jikin dabino, guntun ganye. Macen za ta shiga ciki ta yi ta juyawa tana turawa da ƙirji, sheƙar na miƙewa ba ta tsagewa, don zaren na da danƙo. Ta lura ba kowace saƙa take ɗauka ba. Tsohuwa wadda ƙura ta kashe, sai ta taɓa ta bari. Sabuwa take so, wadda mai ita ke ciki, wani lokaci ma ta haɗa da mai gidan ta haɗiye. Da ƙwallon tumfafiya ya fashe, ta riƙa ɗibar audugarsa tana shimfiɗawa a ciki. Namijin yakan kawo ɗan tsinke jefi-jefi don a ce ya yi, sauran lokacin yana sama yana gadi. Da aka gama, abin ya zama 'yar jaka mai ƙofa a gefe, tana reto daidai kan mutum. Ta waje kuwa ba kyan gani, dunƙulen datti ne kawai da saƙar gizo. Ƙaltume ta fahimci da gangan ne, don kada mai wucewa ya kalla sau biyu.

Wanda ba shi da masaniya kuwa, abin da zai gani daban. Asama'u ta ga saƙa a saman ƙofa, ta shigo ta ga rumfa, ta ga tumfafiya mai farin ruwan da ke makanta ido an bar ta ta zama itace, ta ga Hajiya zaune ta ƙura wa lalle ido bakinta na motsi. Ta fita da hawaye na gaskiya, kafin la'asar labari ya hau bene. Ba wanda ya yi dariya. Mata suka riƙa cewa in dai Ƙaltume ce ta bar saƙar gizo, to gigin tsufa ya zo, Allah ya sa mu gama lafiya.

Shekarar dubu biyu ce, aikin hajji ya faɗo daidai wannan lokaci, Yahya ya yi makonni a kan hanya bai kwana gida ba. Ta waya labarin ya same shi. Ya ce wa Khalida Juma'a mai zuwa zai dawo, zai je ya duba da kansa, in gaskiya ne ta gyara ɗakin baƙi.

Khalida haifaffiyar Madina ce, jikar Hausawa, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, sai in ta ƙure. Tana tsoron surukarta kamar kowa. Kuma a faɗi gaskiya, tunanin wannan ido ya tare a gidanta har abada ya hana ta barci. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ta taɓa ganin Ƙaltume tsaye a tagar benen nan tana neman inda za ta buɗe, ta san in aka kawo ta nan ba za ta daɗe ba. Sai ta yi dabara irin ta mai tausayi: Yahya ya ce zai duba, to bari ya zo ya tarar ba komai.

Kowace Asabar da safe Ƙaltume kan taka a hankali zuwa Masallacin Ƙuba ta yi nafila, kamar yadda mutanen Madina suka saba. A lokacin tsuntsuwar ta riga ta fara kwanci, kanta kawai ake gani a ƙofar sheƙa. Ƙaltume ta yi mata sallama ta fita. Khalida na da mabuɗi.

Da Ƙaltume ta dawo ta tura ƙofa, ƙamshin sabulu ne ya tare ta. Tsakar gida a jiƙe, rumfa fes, bayan tanki fes. Khalida na tsaye da doguwar tsintsiya, gumi na zuba, tana murmushin wadda ke jiran yabo. Ƙaltume ba ta kalle ta ba. Ta wuce kai tsaye zuwa lalle, ta tsaya. Reshen na nan, sai ɗan zare guda da ke lilo a jikinsa. Macen na tsalle daga reshe zuwa reshe tana wani gajeren kuka, ta je inda ƙofar take ta tsaya a iska, ta koma, ta sake zuwa.

"Ina abin da ke nan?" in ji Ƙaltume.

"Wasakh ne, ya Khala," in ji Khalida, wato datti ne, Inna. "Na zubar."

Tsohuwar ta durƙusa da wannan gwiwa a gaban ledar shara, ita da ba ta taɓa mayar da hannu cikin abin da aka share ba. Ta tona ta ciro shi. Ta zauna a ƙasa, ta ce wa Khalida ta zo. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tsorata yarinyar. Ta nuna mata ƙofar, ta kama hannunta ta sa yatsanta ciki ta ji laushin audugar tumfafiya. Ta ja gefe ɗaya a hankali don ta ga yadda yake miƙewa. Sannan ta buɗa shi. Ƙwai biyu ne farare, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, duka sun fashe.

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba ta labarin fartanya, da ɗan ci-ranin da bai je ko'ina ba, da ranar da ta sauke tsintsiya. Duk abin da ta ɓoye kusan shekara guda ya fito a zaune ɗaya, ga wadda ba ta taɓa zaton za ta faɗa wa ba. Khalida ta saurara hannunta a baki, hawaye na bin yatsunta.

"Wallahi ma kunt adri," ta ce, sannan ta nemo Hausarta. "Ban sani ba, Khala. Don kada ya ɗauke ki na yi."

"Na sani, 'yar nan. Aikinki ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Ta juya sheƙar a tafin hannunta. "Ni na koya wa unguwar nan duka cewa wannan ƙazanta ce. Wa zan kama?"

Sannan ta ce, "Ki gaya wa Abu Saif gaskiya ne, an samu saƙar gizo a gidana. Ni na faɗa da bakina, ba zan janye ba. Ya kawo mota."

Khalida ta roƙe ta, ta ƙi. Girman kai ne, ba shakka, don Ƙaltume ba ta taɓa cin bashin maganarta ba. Amma akwai karaya a ciki. Tsuntsayen sun yi wuni guda suna zagaya lalle, washegari suka tsallaka katanga, tsakar gida ta yi tsit. Ta ji ta tsufa a cikin kwanakin nan fiye da duk watannin takaba da ciwon gwiwa. Ta jawo tsohon akwatin ƙarfe ta shirya zannuwanta, ta naɗe tabarmar salla, ta ɗaure tukwane a buhu. Asama'u, wadda Khalida ta je ta warware wa zance, ta shigo tana ba da haƙuri tana cewa ita mi ta sani, Ƙaltume ta ba ta turmin kyauta don ta samu ta tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yahya ya yi sallama, Khalida na bayansa da wata baƙar leda a ƙarƙashin abaya. Ya rame, idonsa ja saboda hanya. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ya ga akwati da buhu a bakin ƙofa.

"Ina motar?" in ji ta.

"Inna, ai ba a kai nan ba. Cewa kika yi in na gani da idona. Bari in duba."

Ya miƙe ya goya hannu a baya. Ya shiga ɗakin farko ya ɗaga kai ya bi kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya shiga na biyu. Ya leƙa rumfa, ya sunkuya bayan tanki, ya shafa saman ƙofa ya duba yatsansa. Tafiyar da kallon duk nata ne, ya kwaikwaye ta tsaf, har da ɗan taɓe bakin. Ƙaltume ta so ta ji haushi, abin ya ƙi.

"Ni dai ban ga komai ba," ya ce. "Gida fes. Mutanen unguwar nan da ƙarya suke."

"Abu Saif, kada ka mai da ni yarinya. Na ce maka akwai."

"Kin ce, amma ban gani ba. Sharaɗin naki ne, Inna, ba ni na sa shi ba. Kuma idon nan nawa, tuƙin dare ya gama da shi, ban jin zai ƙara ganin abu siriri haka." Ya ja akwatin ya mayar ɗaki, ya dawo ya zauna a tabarma ya ba lalle baya, ya ce ko akwai shayi.

Tana zuba masa, sai ta ji motsin leda. Khalida ce a gindin lalle, ta ciro wani guntun kara da aka naɗe da saƙar gizo, dunƙule guda, toka-toka. Kunya ta hana ta ɗaga kai.

"Daga ina wannan?" in ji Ƙaltume.

"Ƙarƙashin matakalar bene," Khalida ta amsa da ƙaramar murya. "Da bayan firij ɗina."

Surukar Hajiya Ƙaltume ke nan, ta ɗauko ƙazantar gidanta da hannunta ta kawo gaban idon da unguwa ke gudu. Yahya ya duƙufa a kan kofinsa kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Ƙaltume ta kalli karan. Kallo ɗaya ta san tsohuwar saƙa ce, ƙura ta kashe ta, ko tsuntsuwar ta dawo taɓawa za ta yi ta bari, kuma babu tabbacin za ta dawo bana. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga yadda yarinyar ke ɗage a kan yatsun ƙafa tana neman reshen da za ta maƙala shi. Ta haɗiye maganar.

"Ɗan ƙara sama da shi, 'yar nan," ta ce. "Ba ta son sauka ƙasa."